Na sayar da gwal ɗina na shiga mastas, ga shi an rufe min rajista

Assalamu alaikum Anti. Ni lauya ce a ma'aikatar shari'a ta wata jiha a Arewa, shekarata bakwai ina aiki, ina da aure da yara biyu. A farkon 2023 na sami gurbin digiri na biyu a fannin dokokin fasahar zamani a wata jami'a ta Birtaniya. Karatun daga gida ake yi ta intanet, ana biyan kuɗi kwas-kwas. Lokacin ina da ciki, sai na nemi a ɗaga min zuwa shekara mai zuwa, suka yarda. Kafin shekarar ta zagayo naira ta faɗi, kuɗin da ni da maigidana muka tanada ya zama ba komai ba. Na sayar da sarƙa da 'yan kunnen gwal na aurena na cike, na yi rajistar kwas biyu lokaci guda don in gama da wuri, kowanne kiredit 20 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas). Na farko kan kare bayanan mutane ne, na ci shi da maki mai kyau. Na biyu kan cinikayya ta intanet ne, a makon da za a miƙa rubutun ƙarshe aka kwantar da ƙaramin ɗana a asibiti kwana shida, ban miƙa komai ba, ban kuma faɗa wa kowa a makarantar ba.

Yanzu suna bi na rabin kuɗin kwas na biyun, sun rufe min shafin rajista, kuma saura kwana goma sha biyu a rufe rajistar sabon zango. Sun turo min imel sau uku, na kasa buɗewa. Maigidana bai san da bashin ba. Dama tun tuni yake cewa in haƙura in nemi jami'a a nan gida. Kawuna, wanda tsohon lauya ne kuma shi ya ja ni cikin aikin, cewa ya yi na zubar da kuɗi, wai lauya a kotu ake saninsa ba a kwamfuta ba. A ofis ma ban sanar da daraktana ina karatu ba. Ga shi idan 'yan ajinmu suna tattaunawa sai in ji kamar ni kaɗai ce ban san komai a kan kwamfuta ba. Ina da sauran awarwaro biyu na gwal. In sayar in ci gaba, ko in haƙura? Wallahi barci ma ya gagare ni.

Barista daga Arewa maso Yamma

Wa alaikumus salam, Barista ƙanwata. Allah ya ƙara wa yaro lafiya, ya raya su duka. Cikin duk abin da kika lissafa, saƙonnin nan uku da kika kasa buɗewa su suka fi tayar min da hankali. Ke lauya ce, kin san abin da ke samun wanda aka kai wa sammaci sau uku ya ƙi zuwa kotu: ana yanke hukunci a bayan idonsa, ko da kuwa shi ke da gaskiya. Jami'a ma haka take. Ɗalibin da ya yi shiru ana rubuta shi a matsayin wanda ya bar karatu, daga baya a soke sunansa, bashin kuma yana nan daram. Saboda haka kafin maganar awarwaro, kafin maganar miji da kawu, yau ɗin nan bayan sallar isha'i ki zauna ki buɗe su. Idan zuciyarki ba za ta iya ba, ki kira ƙawar da kika amince da ita ta zauna kusa da ke ta karanta miki. Mai yiwuwa ma ɗaya daga cikinsu tambayarki kawai ake yi ko lafiya, don irin waɗannan makarantu suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan, bibiyar ɗalibin da ya ɓace.

Na fahimci kunyar da ta hana ki. Macen da ta saba ita ake kawo wa matsala ta warware, ta ci jarrabawar makarantar horar da lauyoyi, ta tsaya gaban alƙalai, yana mata wuya ta rubuta wa bature cewa ba ta da kuɗi kuma ba ta yi aikin da aka ba ta ba. Amma wanda zai karanta wasiƙarki ya karanta irinta da yawa, musamman daga 'yan Najeriya tun bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023. Kafin lokacin dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500, fam ɗin Ingila kuma ya tsallake naira 2,000. Wanda ya yi lissafin karatunsa a farkon 2023 ya wayi gari kuɗin ya ninka sau uku ba tare da jami'ar ta ƙara ko sisi ba. Wannan ba sakacinki ba ne. Inda kika yi kuskure biyu ne, kuma zan faɗa miki su ba ɓoye-ɓoye: kin ɗauki kwas biyu lokaci guda, sannan da abin ya kakare kin yi shiru.

Bari mu fara da kwas ɗin da ya kuɓuce, don shi ne mai gaggawa. Jami'o'in Birtaniya suna da tsarin karɓar uzuri idan rashin lafiya, rasuwa ko wani abu da ya fi ƙarfin ɗalibi ya hana shi miƙa aiki. Kwanciyar ɗa a asibiti kwana shida uzuri ne mai ƙarfi. Matsalar ita ce akan sa wa'adi gajere na shigar da uzurin, kuma da alama naki ya wuce. Duk da haka ki shigar, ki bayyana dalilin jinkirin, ki haɗa da katin asibiti, takardar sallama, da wasiƙar likita mai ɗauke da ranar kwanciya da ranar fita da hatimi. Gobe da safe ki je asibitin ki nema, kada ki aika wani. Bambancin da ke tsakanin karɓar uzuri da rashin karɓarsa ba ƙarami ba ne: idan an karɓa, akan ba ki damar sake rubutun kamar karon farko, idan ba a karɓa ba, a jami'o'i da yawa ko kin sake kin yi abin a-zo-a-gani, makin tsallakewa kawai za a rubuta miki. Ko hakan ne ma ki karɓa, kiredit 20 ɗin da kika riga kika biya rabin kuɗinsu sun fi ƙarfin a bar su su tafi a banza. Ki kuma nemi ofishin ba da shawara na ƙungiyar ɗaliban jami'ar. Kyauta suke yi, ba a ƙarƙashin tsangayarku suke ba, kuma sun san yadda ake rubuta irin wannan ƙorafi. Ɗalibin intanet ma yana da haƙƙi a kansu.

Sai ki sauke kundin ƙa'idojin shirinku da yarjejeniyar biyan kuɗi, ki karanta su kamar yadda za ki karanta kwangilar da aka kawo teburinki a ofis. Ina mamakin yadda lauyoyi muke tsefe takardar wasu har waƙafi, tamu kuma mu danna "na amince" ba mu duba ba. Abin da za ki nema a ciki shi ne: shekara nawa ne iyakar lokacin da aka ba ki ki gama, ana iya dakatar da karatu da izini har tsawon wane lokaci, wace rana ce idan ɗalibi ya janye bayanta sai ya biya cikakken kuɗin zango, kuma shin ana iya biyan bashi kashi-kashi. Dakatarwa da izini daban, janyewa daban. Mai dakatarwa gurbinsa yana nan, makinsa yana nan, ba a kuma lissafa masa sabon kuɗi har ya dawo. Mai janyewa ya fita, idan yana son dawowa sai ya sake nema.

Yanzu lissafin da ya kamata wani ya yi miki tun farko. A tsarin Birtaniya kiredit ɗaya yana nufin kimanin awa goma na aiki, wato sauraron lacca, karatu, tattaunawa da rubutu. Kwas mai kiredit 20 awa 200 ke nan. Idan kika raba wa mako goma sha huɗu, tun daga buɗe zango har miƙa rubutu, kowane mako yana cin awa goma sha huɗu. Ke kin ɗauki biyu, awa 28 a mako, a kan cikakken aikin gwamnati, da goyo, da girki, da zuwa kotu. Taura biyu kika sa a baki, ƙanwata. Abin mamakin ma shi ne da kika ci ɗayan da maki mai kyau, kuma wannan ya isa ya nuna miki cewa ƙwaƙwalwar ba ita ce matsalar ba. Daga yau kwas ɗaya a zango, ko da kuɗi sun zo sun yi miki yawa.

Akwai wani abu kuma da ɗalibai da yawa ba sa lura da shi. Cikakken digiri na biyu a can kiredit 180 ne: galibi 120 na kwasa-kwasai, 60 na kundin bincike. Amma shirye-shirye da yawa suna da matakala a tsakiya. Wanda ya tara 60 ana iya ba shi satifiket na gaba da digiri, wanda ya tara 120 a ba shi difloma ta gaba da digiri, ya tafi da takardarsa cikin mutunci. Ke kina da 20 a hannu. Idan kika gyara kwas na biyu kin sami 40. Kwas ɗaya ya rage ki kai 60. Ki tambaye su a rubuce ko shirinku yana ba da wannan satifiket ɗin, kuma idan kin karɓa ko za ki iya dawowa daga baya ki ɗora a kai, da cikin shekara nawa. Idan amsar e ce, to dutsen da kike hange ya ragu: maimakon kuɗin kwas huɗu da kundi, abin da ke gabanki rabin bashi ne da kwas guda. Wannan abu ne da mai albashi zai iya zama ya tsara.

Shawarata ke nan a taƙaice game da wannan zangon: kada ki yi tseren kwana goma sha biyun nan. Ki nemi dakatarwa ta zango ɗaya ko biyu, ki nemi a raba miki bashin, ki yi amfani da lokacin ki gyara rubutun da ya kuɓuce. Awarwaron nan kuma ki bar su a inda suke. Dukiyarki ce, babu mai hana ki sayarwa, amma mace mai ƙananan yara biyu da ta taɓa kwana shida a asibiti ta san ranar da gwal ke amfani. Idan kika sayar don ki buɗe shafin rajista, zango mai zuwa me za ki sayar? Kuma don Allah ko da wasa kada ki taɓa manhajojin ba da bashi na waya. Ke da kika karanta kare bayanai kin fi ni sanin yadda wasunsu ke kwashe lambobin wayar mutum su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta fito musu da ƙa'idoji a 2022. Adashen ofis, ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata, ko ware wani abu daga albashi kowane wata, waɗannan su ne hanyoyin da ba za su hana ki barci ba. Duk abin da kika tara kuma ki riƙa tura wa makarantar a kan kari, ko ki mai da shi kuɗin waje a asusun banki, don kada abin da ya faru a baya ya maimaita kansa. Maganar tallafin karatu kuwa, kada ki ɗora rai a kai a wannan matakin. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya na masu tafiya can ne su zauna shekara guda cur, tallafin Commonwealth na karatu daga nesa kuma wasu zaɓaɓɓun kwasa-kwasai yake ɗauka. Abin da ya fi kusa shi ne ki tambayi jami'arki ko tana da wani rangwame ko asusun agaji da ya shafi ɗaliban intanet.

Sai Abban yara. Ki faɗa masa a cikin makon nan, kafin ya ji daga wani wuri ko ya ga saƙo a wayarki. Mutumin nan ya sa kuɗinsa a cikin karatun, ya ga kin fitar da gwal ɗin aurenki, ya ga darare da kika raba gaban kwamfuta. Idan ya ce ki haƙura, ban ga alamar baƙin ciki yake yi da cigabanki ba. Na fi zaton yana ganin ramin da kuɗi ke shiga ne ba ya ganin ƙarshensa, ga kuɗin makarantar yara, ga cefane. Ɓoye masa bashin shi ne abin da zai fi ɓata masa rai, fiye da bashin kansa, kuma yana da gaskiya idan ya ji haushi. Ki bar shi ya faɗi abin da ke ransa, kada ki tsaya kare kanki kamar kina gaban alƙali. Bayan ya huce ki kawo masa takarda guda: ga abin da ake bi na, ga yadda na nemi a raba, ga kwas ɗaya da ya rage in sami satifiket, ga abin da zan ɗauka daga albashina, ga inda nake son taimakonka. Maza da yawa sukan sauko idan suka ga abu yana da iyaka da rana. Ki kuma roƙe shi abin da ya fi kuɗi: safiyar Asabar, ya ɗauki yaran ya kai su gidan Hajiya ko ya zauna da su, ke kuma ki rufe ƙofa.

Shawararsa ta jami'ar gida ma ba abin yarwa ba ce, ki auna ta da gaske. Kuɗin LLM, wato digiri na biyu a fannin shari'a, a jami'ar gwamnati a nan bai kama ƙafar na can ba, za ki haɗu da malamai da 'yan aji da za ku yi ta cuɗanya a aiki har ritaya, kuma ko shirin bai ɗauki sunan fasaha ba kina iya rubuta kundinki a kan kare bayanai ko hujjar na'ura. Idan kina da burin koyarwa ko digiri na uku a gida, wannan hanya ce mai kyau. Sai dai ita ma tana da nata kuɗin da ba na naira ba. Za ki nemi takardar sakamakonki daga tsohuwar jami'arki, wanda kin san yadda yake cin lokaci, za ki halarci lacca da ƙafarki, kuma kalanda ba ta da tabbas. A 2022 yajin aikin ASUU ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kafin ki sayi fom, ki je tsangayar ki tambayi waye zai iya duba kundi a wannan fannin, ki kuma sami ɗaliban da ke ciki ki tambaye su shekara nawa suka yi. Kada kuma ki sa ran za a lissafa miki kiredit ɗin can a nan. Ni da zan zaɓa miki, sai in ce ki kammala 60 ɗin nan ki karɓi satifiket, sannan ki tsaya ki duba aljihu. Idan hali ya yi ki ɗora, idan bai yi ba ki yi LLM a gida da satifiket ɗin a hannu. Ta haka gwal ɗin da ya tafi ya bar miki takarda.

Maganar ofis ba ta da wahala kamar yadda kike tsoro, amma kada ki ƙara jinkirta ta. A aikin gwamnati takardar da aka samo ba da izini ba takan sha wuya kafin ta shiga fayil, wani lokaci a ƙi lissafa ta gaba ɗaya. Ki rubuta ta hannun daraktanki zuwa ga Babban Sakatare, ki nemi amincewa da karatun wucin gadi wanda ba zai taɓa lokacin aiki ba. Ki je ki same shi da baki tukuna, ki ba shi haƙurin rashin sanar da shi da wuri, kafin takarda ta iso teburinsa. Ki kuma nuna masa ribar ma'aikatar. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, ta hau kan hukumomin gwamnati ma, duk da togaciyar da ta yi wa binciken laifuka da tsaron ƙasa. Ta wajabta wa manyan masu riƙe da bayanan jama'a naɗa jami'in kare bayanai, ta kuma ba da awa 72 a sanar da hukumar idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Jihohi suna ta ƙulla kwangila da kamfanoni don tattara haraji, tantance ma'aikata da rajistar marasa lafiya, kuma duk waɗannan takardu ma'aikatarku ake kawo wa ta duba. Wa zai tambayi inda za a ajiye bayanan, da wanda zai mallake su idan kwangila ta ƙare? Ki ce a riƙa turo miki irin waɗannan fayilolin.

Kawu kuwa, a gaishe shi, kada ki yi musu da shi. Ya yi gaskiya a zamaninsa, kuma rabin maganarsa har gobe gaskiya ce: takarda ba ta maye gurbin tsayuwa gaban alƙali. Amma kwamfutar ta riga ta bi mu har cikin kotun. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 shi ke cewa ga yadda za a karɓi hujjar da ta fito daga na'ura, kuma a shari'ar Kubor da Dickson, kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka buga daga intanet saboda ba a cika sharuɗɗan sashen ba. Yau da wuya ki ga shari'ar zamba, bashi ko ɓata suna da babu bayanan asusun banki, hirar WhatsApp ko rikodin waya a ciki. Ga Dokar Laifukan Intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, wadda sashenta na 24 ya daɗe yana jawo taƙaddama kan kama 'yan jarida da masu rubutu a Facebook. Ga rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wanda kotun ECOWAS ta ce ya saɓa doka. Ga tarar dala miliyan 220 da FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, a 2024. Duk lauyoyi ne suka tsaya a kansu. Ba sai kin jera masa waɗannan ba. Ranar da wata hujjar waya ta rikita wani yaron ofishinsa, ki taimaka ki rubuta musu takardar shaidar da sashe na 84 ke nema, ki ga ko zai sake maganar.

Na bar maganar jin ba ki san kwamfuta ba zuwa nan don na san ita ce ke cin ki a ɓoye. Babu wanda ya ce sai kin iya rubuta manhaja. Abin da fannin ke nema shi ne ki iya bin sawun bayani: daga ina ya fito, hannun wa ya shiga, ina ya kwana, wa ya gani. Ki gwada wannan. Ki je wurin mai POS na bakin layinku da yamma lokacin da babu layi, ki ciri dubu biyu, ki tambaye shi abin da ke faruwa daga sa kati zuwa fitowar rasit. Akwai shi, akwai kamfanin da ya ba shi na'urar, akwai bankinki, akwai masu haɗa bankuna a tsakiya. Sannan ki dubi littafin da wasunsu ke ajiyewa a gefe, mai ɗauke da sunaye da lambobin waya da lambobin asusun mutane, a buɗe a kan benci. Idan kuɗi suka maƙale wa ke da alhaki? Idan littafin ya ɓata fa? Kwas ɗinki na cinikayya ta intanet ke nan, a bakin titi. Ni kaina na taɓa sayen ƙosai aka naɗe min a wata takardar neman aiki, da hoton yarinya da ranar haihuwarta da adireshin gidansu, mai ya jiƙe rabin fuskarta. Na tsaya ina kallon takardar har ƙosan ya huce. 'Yan ajinku na Turai da kike jin tsoro ba su da irin waɗannan misalan, kuma idan kika kawo su a tattaunawa za ki ga yadda malamin zai tsaya a kansu. A ofis ma ki nemi yaron da ke kula da kwamfutoci, ki saya masa lemo, ki ce ya nuna miki inda fayilolin ma'aikatar ke zama da wanda ke da makullinsu.

Abu guda da jami'ar can ba za ta yi miki ba shi ne haɗa karatun da dokar gida. Za su cika ki da GDPR, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a Mayun 2018, da dokokin Birtaniya. Dokarmu ta 2023 ta ɗauko abubuwa da yawa daga can, har da awa 72 ɗin nan, amma kotunanmu da hukumominmu daban suke tafiya, kuma tushen maganar a wurinmu sashe na 37 ne na kundin tsarin mulkin 1999. Ki sami littafi mai kauri ki raba kowane shafi biyu, hagu abin da aka koyar, dama abin da dokar Najeriya ta ce a kai ko ta yi shiru. Wuraren da dama ta zama fanko, a nan batun kundinki yake, ko a can kika rubuta shi ko a nan.

Idan kin dawo karatu, awa goma sha huɗun nan ki yanka su tun kafin zango ya fara: awa ɗaya da rabi bayan sallar asuba kafin yara su tashi, ranakun aiki biyar, sai safiyar Asabar da ɗan wani abu ranar Lahadi. Ki sauke laccoci da takardu duk lokacin da kika sami wuta da intanet mai ƙarfi, kada ki dogara da daren ƙarshe. Ki duba kalanda ki ga inda azumi zai faɗo da lokacin hutun kotuna na shekara, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ki ɗora aiki mai nauyi a inda kike da sarari. Ki lura da agogo: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da Landan, sauran watannin muna gabansu da awa guda. Ki sa wa kanki wa'adin miƙa aiki kwana biyu kafin na gaskiya, saboda zazzaɓin yaro ba ya sallama. Ki koyi tsarin kawo madogara da suke bi, galibi OSCOLA ne a tsangayoyin shari'a na can, kuma komai matsi kada ki ba wani ko wata manhaja ta rubuta miki. Hukuncin satar rubutu ya fi faɗuwa muni, ga lauya kuma yana iya bin sunansa.

Wasiƙar da za ki aika gobe ba ta bukatar ado. Ki sa lambarki ta ɗaliba a sama, ki ce ɗanki ya kwanta asibiti daga rana kaza zuwa rana kaza shi ya sa ba ki miƙa aiki ba, takardu suna haɗe. Kina neman a duba uzurinki duk da jinkiri. Kina neman dakatar da karatu na zango ɗaya. Kina neman a raba miki bashin. Kuma kina son sanin ko shirin yana ba da satifiket a kiredit 60. Ki tura wa mai ba ki shawara a tsangaya, ki sa ofishin shirin da ofishin kuɗi a kwafi, ki ajiye duk amsar da ta zo a jaka guda. Idan kwana uku suka wuce ba ki ji komai ba ki sake turawa, ki ambaci ranar rufe rajista. Duk abin da suka ce ki rubuto min, mu duba tare, ki kuma gaya min yadda kuka ƙare da Abban yara.